Harafin da Ba Shi da Hula

Talata, 9 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

An karɓa! An karɓi maƙalar Dasom! Da idona na karanta, ba wani ya karanta mini ba. Ta turo hoton wasiƙar mujallar ta waya, na sa tabarau, na bi da yatsa har sau uku: "An karɓi rubutunku." Ni Gu Pan-sik mai shingen kifi, wanda bai iya rubuta sunansa ba sai da ya shekara saba'in da ɗaya, maganata za ta fito a mujallar masana harshe.

Dasom jikata ce, 'yar ɗana Jong-du. Digirin dakta take yi a Seoul, kuma ba za su bar ta ta kammala ba sai an buga mata maƙala ɗaya kafin ƙarshen Yuni. Bazara biyu ta yi tana zama a jirgina tana tambayata sunayen ruwa. Duk maƙalar a kan kalma ɗaya ta tsaya: muljam, barcin ruwa. Sau biyu a wata, idan teku ta gama janyewa, ruwan mashiginmu yakan kwanta shiru kamar tsawon shan taba ɗaya. A lokacin ake kwashe ƙananan kifin nan, myolci, daga shingen gora ba tare da ɓawonsu ya goge ba. Har hoton shafin littafina ta sa a ciki, inda na rubuta kalmar da hannuna.

Matata, uwar Jong-du, ta ce, "Kai tsoho, sa wando tukuna kafin ka fita shela."

Na sa a yi wainar shinkafa tire uku, a kai zauren ƙauye.

Ranar dai, ƙarfe takwas na yamma

Na dawo daga aji. Na gaya wa Malam Namgung tun kafin ya ajiye jaka. Shi ne ya koya mana karatu, mu tsofaffi tara, Talata da Alhamis, shekara biyar ke nan tun da ya bar jami'a ya dawo tsibiri. Shi ya riƙe hannuna na ja layin farko. Ya ce, "Wace mujalla?" Na faɗa. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce madalla.

Yau ma ya kama ni a shifta. A rubutunmu, harafin "ja" da harafin "ca" iri ɗaya ne, sai dai "ca" yana da ɗan layi a kansa. Nakan manta. Ya ɗiga mini da jan biro ya ce abin da ya saba faɗa: "Dattijo Gu, ka sake fito da harafinka ba hula, zai yi mura." Aji ya fashe da dariya, har da ni.

Laraba, 10 ga Afrilu, tsakar rana

Dasom ta kira.

"Kaka, wa da wa ka gaya wa?"

"Kowa."

"Wayyo Kaka! An karɓa fa, ba an amince ba. Kamar ka kai kifi kasuwa a sauke maka kwando, ba a duba ba tukuna."

Ta ce mutum uku ne za su tantance. Ba za ta san su ba, su ma ba za su san ta ba, an rufe sunaye ta kowane gefe. Ni ma a ciki ba Gu Pan-sik ba ne, "mai ba da bayani na ɗaya, namiji, shekara saba'in da shida" ne. Na ce wace irin shari'a ce wannan, alƙali da mai ƙara duk sun rufe fuska? Ta ce don kada a yi son kai ne.

An riga an cinye wainar.

Lahadi, 14 ga Afrilu, da safe

Cheon Deok-bae, mai shingen da ke gaba da nawa, ya fara kirana Farfesa.

Talata, 16 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya

Ruwa ya yi barci yau wajen tara. Kwando shida, duk fari tas. Babu labari.

Juma'a, 26 ga Afrilu, la'asar

Babu labari. Na tambayi Dasom ko in aika wa editan busasshen myolci kwali ɗaya. Ta yi ihun da sai da na ɗaga wayar daga kunne.

Asabar, 4 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Dasom ta zo da motar safe ba ta faɗa ba. Tun daga ƙofa na gani a tafiyarta. Kakarta ta zuba mata shinkafa da miyar ganyen teku, ta tura gefe, ta fito da takardu.

Mai tantancewa na farko ya ce a gyara abubuwa kaɗan a buga. Na biyu ya ce a gyara a sake kawowa. Na uku ya ce kada a buga.

Na ce ta ba ni na ukun in karanta da kaina. Shafi biyu ne, kalmomin manya ne, amma na kai inda nake nema. Na kwafe shi nan:

"Kalmar da aka gina maƙalar a kanta babu ita. Mulcam ce, wato cikar ruwa, wadda ke cikin kowane ƙamus. Muryar da aka naɗa ba hujja ba ce, iska da ƙarar inji sun cinye ta. Shafin littafin kuwa, wanda ya koyi rubutu da tsufa ne ya fito da harafinsa ba hula."

Na karanta layin ƙarshe. Na sake karantawa.

Na kira ta da sunan wasan da na saba, na ce, "'Yar kwikwiyona, kin rubuta a ciki cewa da tsufa na koyi karatu?"

"A'a. Me zai sa? Wataƙila rubutun ya gani ya yi hasashe."

Na ce haka ne, wataƙila.

Edita ya ba ta zuwa ashirin ga wata ta kawo amsa. Idan na ukun bai sauka ba, sai wata fitowar, wato shekara ɗaya ta tafi.

Lahadi, 5 ga Mayu, da safe

Zai yi mura.

Talata, 7 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Ban je aji ba. Gwiwa.

Laraba, 8 ga Mayu, la'asar

Dasom ta bar mini na'urar naɗar murya, ta ce in samo wasu tsofaffin da za su faɗi kalmar, a ɗaki, ba iska. Na je zauren ƙauye bayan cin abinci. Mutum bakwai na kwance a daɓen da ake ɗumamawa suna kallon talabijin.

Na sa wa Deok-bae na'urar a baki. "Idan ruwa ya gama janyewa ya tsaya, me kake ce masa?"

"Me?"

"Ruwa! Idan ya tsaya!"

"In ya tsaya sai in shiga in kwashe kifina, me zan ce masa? Gaishe shi zan yi?"

Matar marigayi Bong ta ce ta taɓa ji, amma da na ce ta faɗa sai haƙoran robarta suka zame, abin da ya fito ba "ja" ba ne ba "ca" ba ne. Ta yi dariya har da hawaye. Sauran duk manoman tafarnuwa ne, ba su san ruwa ba sai a kofi.

Da zan fita Deok-bae ya ce, "Farfesa, ubanka kaɗai na taɓa ji yana faɗin haka. Kuma ka san ubanka da giyar shinkafa."

Waɗanda suka san kalmar suna kan tudu, ciyawa ta rufe su. Na lissafa su a hanya, mutum goma sha ɗaya. Da shekara goma da ta wuce aka yi wannan aikin, da hayaniyarsu kaɗai ta isa.

Alhamis, 9 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Gwiwa.

Uwar Jong-du ta ce, "Wace irin gwiwa ce mai sanin Talata da Alhamis? Da safe ka hau shinge kamar biri."

Ta ce, "Ni da na ƙi zuwa ajin nan kun ce ni jaka ce. To ga shi, ni ba wanda ya taɓa ja mini jan layi."

Asabar, 11 ga Mayu, da hantsi

A laburaren gari akwai littafi mai kauri na kalmomin tsibirinmu, an buga shi shekara talatin da ta wuce. Na san wanda ya rubuta, sunansa na jikin bango da ruwan zinariya. Ya taɓa kawo mana shi aji, muka shafa. Na hau mota na je na duba. Kalma dubu huɗu. Akwai sunan kowane kwando da kowace igiya. Na bi shafin "mul" daga sama har ƙasa sau biyu.

Babu.

Shekara biyar ina zaune a gabansa. Ko sau ɗaya bai ce, Dattijo Gu, mece ce wannan? Jan biro kawai.

Lahadi, 12 ga Mayu, la'asar

To idan shi ne da gaskiya fa? Idan mahaifina harshensa ne ya yi nauyi, ni kuma na ɗauka, na riƙe shekara saba'in, na miƙa wa yarinya ta gina gida a kai? Na rubuta kalmar da hula sau ashirin a bayan kalanda, ina kallo. Ta yi kyau. Kamar ta mutanen kirki.

Dasom ta kira, na ce wa kakarta ta ce na fita.

Litinin, 13 ga Mayu, tsakar rana

Mun haɗu da Malam Namgung a bakin tashar jirage. Ba hanyar kaucewa, sai in faɗa ruwa. Yana riƙe da ledar tofu, wato awara. Na sunkuya, ya sunkuya.

"Dattijo Gu, kujerarka ta yi ƙura."

"Hulata ce ta ɓata, Malam. Ina tsoron mura."

Ban shirya faɗin haka ba, fitowa ta yi. Ya canza ledar daga hannu zuwa hannu. Kunnuwansa suka yi ja.

Ya ce, "Akwai abubuwan da a aikinmu ba a tambaya, ba a kuma amsawa."

"Ni ban tambayi komai ba."

"Yarinyar nan tana da gaba. Gara a gaya mata yanzu da a yi mata dariya nan da shekara goma. Abin da aka buga ba ya goguwa."

Na ce, "Jirgina na nan a ɗaure tun da ka dawo tsibirin nan. Ba nisa."

Ya ce tofunsa zai lalace a rana.

Wannan hannun ne ya riƙe nawa. Ranar da na fara karanta sunan matata a katin asibiti, shi na fara gaya wa, kafin ita.

Laraba, 15 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya

Ruwa ya yi barci da safe. Na tsaya a cikin shinge, ruwa iya ƙugu, ina kallonsa a kwance ba motsi, kifi na sheƙi a ciki. Ban san me zan kira shi ba. Kwando huɗu.

Alhamis, 16 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Muna shanya kifi bayan an tafasa, uwar Jong-du na mita kamar kullum. Na ce mata wataƙila tsohon nan maye ne ya sa shi.

Ta ajiye faifai. "Surukina kake nufi? Mashayi ne, amma a tudu. A ruwa bai taɓa kuskure ba. Ka manta abin da yake daka maka tsawa a kai? 'Kai Pan-sik, daga mulcam zuwa muljam kada in ga ƙafarka a shinge, ruwa zai tafi da kai!' Har ni da nake amarya na haddace."

Na tsaya da kifi a hannu.

Biyu ne. A numfashi ɗaya yake faɗinsu. Ɗaya ruwa a cike, ɗaya ruwa a ƙasa, tsakaninsu awa shida. Mutum ba ya cewa daga safe zuwa safe.

Kuma na taɓa rubuta wannan. A shekara ta biyu an ce mu yi insha'i a kan abin da iyayenmu suka koya mana. Na bar kifin a rana na shiga ɗaki na zazzage akwatin littattafai. Tana bina tana cewa ƙuda, ƙuda. A littafi na bakwai na same shi. Ga layin da fensirina, ta farko da hularta, ta biyu ba hula. Ga jan biro ya ɗora wa ta biyun hula, layin ya koma "daga mulcam zuwa mulcam". A gefe an rubuta "Hula!" A ƙasa ga jan hatimi da suna, da kwanan wata, shekara biyu kafin Dasom ta fara aikinta.

Ashe ban manta ba. Ranar nan ban manta ba. Na ma yi dariya tare da su.

Asabar, 18 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Dasom ta zo. Na buɗe mata shafin. Ta karanta layin ta yi tsalle ta rungume kakarta, ta ce wannan ya fi murya goma. Sannan idonta ya sauka gefe. Ta ɗauko takardar na uku daga jaka ta ajiye kusa da littafin. Ta dubi kalmar "hula" a nan, ta dube ta a can.

"Kaka, tun yaushe ka sani?"

"Ban san komai ba. An rufe sunaye."

"Kada ka yi mini haka. Ka gaya masa mujallar da bakinka. Da aka aika masa, wajibinsa ne ya ce ya san mutumin, ya mayar. Bai mayar ba. In na tura wa edita shafin nan da hatimin a jiki, za a jefar da rahotonsa a kwandon shara, a cire sunansa daga masu tantancewa. Ranar Litinin an gama."

"In kuma ba hatimi?"

"Sai a mayar masa da amsata, shi ɗin dai, ya sake yanke hukunci. Shekarata ce fa, Kaka. Ba taka ba."

Kakarta ta ce, "Tura, 'yar nan. Tura har da bangon littafin."

Na fita na zagaya gida. Gaskiyarta ce, shekararta ce. Ina so a kama shi, ba zan ɓoye wa littafin nan ba. Ina so a karanta sunansa da ƙarfi a ofis a Seoul. Amma in aka jefar da rahotonsa, ai ba a ce kalmar mahaifina gaskiya ce ba. An dai ce alƙali ya yi laifi. Shi kuwa zai mutu yana cewa tsoho ne ya manta hula.

Na dawo na ce ta ɗauko waya. Na shimfiɗa littafin a tebur, na ɗora babban yatsana a kan hatimin, na bar kwanan watan a fili.

"Ɗauka haka. A rufe ya zo mini, a rufe zan mayar da shi. Amma zai ga jan bironsa. Ya karanta layin da ya gyara, ya gaya mana ma'anarsa."

"In ya ƙi fa?"

"In ya ƙi, ga littafin, ki tafi da shi, ki yi yadda kika ga dama. Ba zan hana ki ba."

Ta ce taurin kaina ya fi na gorar shinge. Tana kuka ta ɗauka. Yatsan ya fito ƙato, da ɓawon kifi a farce.

Litinin, 20 ga Mayu, da safe

Ta tura. Ba ta kira ba, saƙo ta rubuto, kalma biyu.

Alhamis, 23 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Daga tsakar gida ana ganin fitilar zauren. Ina jin su suna maimaita karatu.

Laraba, 29 ga Mayu, la'asar

Kwana tara ba ta kira ba. Jong-du ya kira, ya ce, "Baba, me ka yi wa yarinyar nan?" Na ce kifi na kan wuta.

Idan shekarar nan ta tafi, yatsana ne ya tafi da ita.

Talata, 4 ga Yuni, tsakar rana

Matar Bong ta kawo mini takardar aikin gida, wai an ce a ba ni. Ba a rubuta komai a jiki ba. Na sa ta ƙarƙashin tukunya.

Juma'a, 7 ga Yuni, ƙarfe uku na rana

Za a buga! Za a buga a fitowar Yuni! Dasom ce ta kira, tana magana tana shaƙewa, sai da kakarta ta ƙwace wayar ta ce ta yi numfashi. Na farko ya amince. Na biyu ya amince. Na uku ya rubuto layi biyu, ta karanta mini, na sa ta maimaita a hankali na kwafe:

"Shafin da aka ƙara ya isa hujja, kalmomin biyu ne, na janye. A shafi na goma sha huɗu, layi na uku, an bar waƙafi."

Shi ke nan. Ba "na yi kuskure". Waƙafi. Dasom ta ce ta duba, da gaske an bar shi, ta yi dariya har ta koma kuka. Ta ce, "Kaka, har yanzu ina fushi da kai." Na ce ta zo ta yi fushin a nan, akwai sabon kifi.

Ban san ko zan koma aji ba. Uwar Jong-du ta tambaye ni, na ce gwiwar ba ta gama warkewa ba, ba ta kuma yi mini gori ba. Abin yana nan a ƙirji kamar ƙaya. Amma yau ba ranarsa ba ce.

Asabar, 8 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Na samo babbar takarda da baƙin alƙalami. Sau huɗu na lalata kafin ta yi. Ba wanda ya duba mini. Zan manna ɗaya a ƙofar zaure, ɗaya a tashar jirage, Dasom kuma za ta aika wa edita ya miƙa wa mutanensa uku, tunda shi ya san inda suke. Ga abin da na rubuta:

"Sanarwa daga Gu Pan-sik. Ranar Alhamis, sha uku ga wata, wajen ƙarfe tara na safe, ruwa zai yi barci a shingena. Muljam. Jirgina na ɗaukar mutum shida, zan yi sawu ko nawa ne. Manoman tafarnuwa, 'yan aji, mutanen Seoul, Deok-bae, wanda na sani da wanda aka rufe mini sunansa, kowa ya zo. A zo da takalmin roba. A zo da wuri, ba ya daɗewa. Ku zo ku gani da idonku."